Ƙannena masu wasan salula, ga abin da ya same ni

Ina ajin ƙarshe a lise lokacin da fadarmu ta Zango ta koma filin daga. Da an idar da sallar isha'i sai a ɗora shayi, mu huɗu kowa ya sunkuya kan salularsa, har butar ta ƙafe ba wanda ya ɗaga kai. Zamanin ne irin wasan nan ya yaɗu: Free Fire ya fito a 2017, mutum 50 a tsibiri ɗaya suna harbin juna, kamar minti 10 an gama, kuma ko ƙaramar waya tana ɗaukarsa. PUBG Mobile ya biyo a 2018 da mutum 100.

Abin da ban gane ba shi ne wasan yanzu ba ya ƙarewa. Da can faifai ake saye, a buga, a kai ƙarshe, a ajiye. Yanzu shiga kyauta ce, kasuwar tana ciki. Bayan 'yan makonni a buɗe sabon zango, matsayinka ya ja baya, a kawo sabbin tufafi da akwatunan sa'a, waɗanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Waɗannan akwatuna ku kiyaye su. Tun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce waɗanda ake saye da kuɗi caca ne. Ni kuwa sai da na zuba jika 15 a wani wasa, kuɗin da kawuna ya ba ni na littattafai, ina neman rigar da ba ta ƙara wa harbina komai. Da ya tambaye ni, ƙarya na yi masa, kuma wannan ya fi kuɗin ci mini rai har yau.

Kuskure na biyu ya fi muni. Na ga abokaina ba su ƙware ba, rezo ya ɗan yi rauni su sa mu faɗi, sai na bar su na shiga ƙungiyar wasu da ban taɓa gani ba a WhatsApp. Ɗayansu ya ce in turo lambar sirrina zai cika mini lu'ulu'u, wato kuɗin cikin wasan, kyauta. Na tura. Kafin gari ya waye ya canza komai, wahalar shekara 2 ta bi ruwa, aka kuma cire ni daga ƙungiyar.

Don Allah kada ka ba kowa lambar sirrinka, ko wadda ake turo maka ta saƙo. In za ka sayi wani abu, yanke adadin tun farkon wata daga guminka. Ka buga da waɗanda in ka zage su a wasa gobe za ku haɗu a masallaci, don su ne ke sa ka riƙe bakinka.

Na koma fadar da kunya. Ba wanda ya yi mini gori. Babbanmu ya miƙo mini kofin farko, ya ce in buɗe sabon asusu, ana jirana. Yanzu daren Juma'a da na Asabar kawai muke bugawa, ƙarfe 11 kowa ya kife wayarsa.