Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar autanmu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi an sallamo autanmu, yana gida a unguwar Yelwa nan Garwa yanzu.

Ga wanda bai ji ba, faɗuwa ya yi da moto, wato babur, a hanyar Pitowa, ba kask (hular kwano) a kansa, kai ya daki kwalta. 'Yan moto abokan sana'arsa da suka kwashe shi sai asibiti ba su tsaya jiran kowa ba, wlh wasunku ko suna ban sani ba, Allah ya biya ku. Skana ta nuna jini ya taru a gefen hagu na kai, likita ya ce a wajen yawancin mutane nan ne magana take.

Na gode wa ma'aikatan jinya na dare, da matan adashenmu da suka bar min kwasa alhali ba layina ba ne, da Kawu na Ngaundere da kuɗinsa ke shigowa ta Orange Money tun ba a rubuta ordonans, takardar magani, ba, da liman da jama'ar masallaci, da maƙwabciyata da ta riƙe min yara kamar nata.

Sai dai ina da roƙo. Ɗinki ya kame, yana takawa da ƙafarsa, kowa ya gan shi sai ya ce ai ya warke, to da saura. Jiya kofi yake so, ga shi a gabansa yana nunawa amma sunan ya ƙi zuwa, sai "abin nan... na shayi" yake ta yi har gumi ya karyo masa. Yakan ɗauko zance da Hausa ya ƙare da Fulatanci bai ma lura ba. Labarin yarinta duk yana nan a kansa, amma wanda ya gaishe shi da safe kafin la'asar ya manta. In mutum uku suka haɗa baki ga rediyo na yi sai ya rikice ya hau faɗa, yaron da a da ko muryarsa ba ka ji.

Masu cewa iska ce ko sammu dan Allah ku bari, a gabansa kuke faɗa kuma yana ji, bayan kun tafi mu ke lallashi. Rauni ne a ƙwaƙwalwa. Addu'a kam muna so, ku ƙara mana.

In za ku zo ku zo da safe, yamma gajiya ta ci ƙarfinsa. Ku shiga ɗaya ko biyu, magana gajeriya, tambaya guda sai ku jira, kar ku yi saurin ƙarasa masa kalma sai in ya nema. Kuma abin nan na "ka gane ni? ni wane ne?" yana ba shi kunya sosai, ku faɗa masa sunanku kawai. Akwai kaye, littafin rubutu, kusa da katifarsa, ku rubuta cewa kun zo, da dare yakan duba.

Wanda ya san ortofonis, likitan koyar da magana, a nan Garwa ko ma Marwa ne, ya taimaka ya turo min saƙo.