Busa ɗaya a bayan labule

Shekara shida ina busa ƙahon Faransa a badujala kafin na yi ƙundunbalar zuwa Jamus gwajin neman gurbi a wata ƙungiyar makaɗa. Sunan ma ruɗi ne, don irin wanda muke busawa yau, mai ɓangare biyu, a garin Erfurt na Jamus aka fara ƙera shi a 1897, a shagon wani maƙerin kayan busa mai suna Kruspe. Masu sana'ar kuwa ƙaho kawai suke ce masa.

Wanda bai taɓa riƙe shi ba zai ɗauka yatsu ne ke aikin. Bututun tagulla ne mai tsawon kusan mita huɗu da aka naɗe kamar gammo. Hannun hagu na danna maɓallai, na dama yana cikin faffaɗan bakin ƙahon da sauti ke fita, bakin kuma baya yake kallo. In sautin da kake busawa ya hau sama, dannawa ɗaya na iya ba ka sauti uku ko huɗu maƙwabtan juna, leɓe da kunne ne ke zaɓa. Ka ɗan kauce, sai ya fashe kamar muryar yaro mai shiga balaga. Mai busa kakaki a ƙofar fada ya san wannan, shi da ba shi da maɓalli ko ɗaya.

Ran gwajin lamba aka ba ni, ba a kiran suna. Akwai labule tsakanina da alƙalai, ba sa ganina, ba na ganinsu. Na yi kusan awa biyu ina jira a wani ɗaki mai sanyi, ina ɗan hura ƙahon don kada ya huce. Tururin numfashina ya koma ruwa, ya kwanta a lanƙwasar bututu, ni kuma tsoro ya mantar da ni zubarwa. Aka ce in fara da kiɗan Mozart, shahararren mai tsara kiɗa na Turai, kamar kowa. Ina busawa sai ga ɓul-ɓul, sai ka ce ana tsiyaya ruwa daga buta. Na daburce, sauti na gaba ya fashe. Ban cika minti biyu ba wata murya ta ce an gode. Kuɗin jirgi, biza, atisayen wata huɗu, duk sun tafi.

Na daɗe ina ɗora wa ruwan laifi. Sai daga baya na yarda cewa ni na cuci kaina tun a gida. Nakan maimaita wuri mai wuya sau goma, in na goman ya yi kyau sai in ce na iya. Alƙalai kuwa na farkon kaɗai suke ji, daga mutumin da gabansa ke dukan uku-uku.

Yanzu da nake koyarwa, ba na barin ɗalibi ya kai ƙaho baki sai ya rera sautin da muryarsa. Wanda bai ji shi a kansa ba, ba zai same shi a leɓe ba. Kowace Alhamis kuma nakan sa su haura bene da gudu sau biyu, su dawo suna haki, su juya ƙaho su zubar da ruwa, sannan su busa sau ɗaya ina ɗauka a waya. Ba su son ranar ko kaɗan.

Makon jiya wata ɗalibata ta fasa sautin farko, ta ɗago kai ta ce, "Malam, don Allah in sake?" Na ce mata sai wata Alhamis ɗin. Ta ɓata rai, ta goge bakin ƙahon da gefen mayafinta, ta ce in kunna mata ta ji inda ta kauce.