Ni da ciwon ɓarin kai da ƙwayoyin kemis

Jiya ma sai da ya kwantar da ni, tun bayan azahar na shige ɗaki na saki labule na ce ma yara kar wanda ya taɓa min ƙofa. Wanda bai san ciwon ɓarin kai ba shi ne zai ce maki "ai ciwon kai ne, sha panadol". Nawa gefen hagu yake kamawa ya dinga sara kamar ana daka a turmi, ga tashin zuciya, haske ma ban son gani balle ƙarar injin markaɗen maƙwabta. In aka ƙyale shi yana iya kaiwa daga awa 4 har awa 72.

Shekaru na yi ina daurewa, sai ya ci ƙarfina sannan in aiki yaro wani kemis nan wajen Ƙofar Ƙaura a ba shi Cafergot, wani maganin ɓarin kai, wataran ma har da tramadol aka haɗo min, ba wanda ya tambaye ni ko ina da ciki ko hawan jini, alhali Cafergot ɗin nan mai ciki ko kusa ba ta sha. Tun ina sha sau ɗaya a sati har ya koma kusan kullum, kan kuma kullum cikin ciwo.

Ranar da na je asibiti likitan bai fara da rubuta magani ba, cewa ya yi "Hajiya, kwana nawa kike shan magani a wata?" Na ce wallahi likita ban ƙirga ba. Ashe maganin ne da kanshi ke dawo min da ciwon. Irin su Cafergot da sumatriptan da tramadol ko kodin in ya kai kwana 10 a wata, an shiga wannan tarkon, su farasitamol da ibuprofen da asfirin kuma kwana 15. Tramadol ɗin ma cewa ya yi in manta da shi gaba ɗaya, ba maganin wannan ciwon ba ne, sabo kawai yake sawa.

Abin da ya fi min amfani shi ne lokaci. Da ciwon ya taso ciki yakan yi sanyin aiki, ƙwayar da kika haɗiya a makare sai ta zauna ba ta wuce ba, ko ki amayar da ita. Don haka yanzu da na ji alamar farko nake shan ibuprofen miligiram 400, in akwai tashin zuciya in haɗa da metoclopramide miligiram 10. Wasu asfirin 900 ke masu aiki, wasu farasitamol 1000. Yayata mai olsa ibuprofen da asfirin ba nata ba ne, yara 'yan ƙasa da shekara 16 ma ba a ba su asfirin, mai ciki kuwa farasitamol aka fi ba ta.

In wannan ya kasa akwai sumatriptan miligiram 50, an yi shi ne musamman don ɓarin kai tun 1991 yake kasuwa, sai dai yana matse jijiyoyin jini shi ya sa mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki ko hawan jininshi bai daidaita ba ba ya sha. Ga tsada, ga shi ba kowane kemis ke da shi a Katsina ba, ni ƙwaya biyu nake ɓoyewa a jaka kamar zinari.

Amma fa ciwon kan da ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman lokacin zafin nan namu na sanƙarau, ko wanda ya faɗo farat ɗaya da ƙarfin da ba ki taɓa ji ba, wannan asibiti za a nufa a take.

Yanzu kalandar bango nake yi ma alama da biro duk ranar da na sha wani abu. Watan nan da na jiya alama biyar ke nan.