Yawan jefa hannu da nisan kowace jefawa ga mai iyo a Binuwai da Lagdo

Saurin mai iyo ya rataya ne a kan abu biyu: sau nawa yake jefa hannu a minti ɗaya, da kuma nisan da jikinsa yake ci a kowace jefawa. Wanda yake jefa hannu sau 60 a minti, kowace jefawa tana kai shi mita ɗaya, zai ci kilomita ɗaya a minti 16 da daƙiƙa 40. Idan ya ƙara zuwa sau 70 amma tafinsa yana zamewa har nisan ya koma santimita 80, mita 56 kawai zai ci a minti maimakon 60, ga haki kuma. Saboda wannan lissafin ne masu koyar da iyo suke nanata cewa a miƙa hannu sosai, a bar jiki ya sulale kafin a ja ruwa.

Shawarar tana da kyau a wurin iyo na otal, inda ruwa yake kwance. Amma mu nan arewacin Kamaru yawancinmu a kogi muka koyi iyo, kuma a ganina wanda ya ɗauki dogon sulalawa ya kai shi tafkin Lagdo a ranar da iska ta tashi zai sha wahala. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka da zarar hannaye biyu sun daina ja, jiki ya fara rage gudu. A ruwa mai motsi kuwa, ƙaramar igiya ɗaya ta isa ta tsayar da mutum cak a daidai lokacin da yake jiran sulalawar, ƙafafunsa su nutse, sai ya sake tayar da jikinsa daga tsaye, wanda shi ne abin da ya fi cin ƙarfi. Haka yake a Binuwai ta wajen Garwa idan ta cika a watan Agusta da Satumba. Mai kwalekwale da yake haurawa sama ya san cewa idan ya ɗaga filafili ya huta, ruwa ne zai mayar da shi baya.

Tun 2008 aka shigar da tseren iyo na kilomita 10 a buɗaɗɗen ruwa, wato tafki, kogi ko teku, cikin wasannin Olamfik a Beijin, kuma a 2012 Usama Malluli ɗan Tunisiya ya lashe shi a Landan. Duk wanda ya kalli irin wannan tsere zai lura cewa hannayen masu tseren ba sa tsayawa. Da yawansu suna ɗaga hannu sama sosai don ya tsallake igiyar ruwa da jikin abokan tsere, suna kuma ɗago idanu kaɗan su duba hanya ba tare da sun katse bugun ba.

Sai dai ba na so samarinmu su ji wannan su ɗauka cewa sauri kawai ake nema. Yaron da ake gani a bakin kogi, kansa a waje yana juya shi dama da hagu, hannaye suna dukan ruwa fas-fas, ba ƙarancin jefawa ke damunsa ba, riƙon ruwa ne ba shi da shi. Abin da zai fara gyarawa shi ne ya sa fuska cikin ruwa, ya riƙa shaƙar iska ta gefe, ya kama ruwa da tafi da damtse, ya tura shi baya har cinya.

Da yake kogi ba shi da bango kamar wurin iyo na otal, awon yawan jefawa da nisanta sai da abokin tafiya. A zaɓi alama biyu a gaɓa, aboki ya bi mai iyon a kwalekwale da agogo, ya ƙirga jefawar daƙiƙa 30 ya ninka biyu, ya kuma rubuta lokacin da aka ɗauka tsakanin alamomin. Daga nan sai a ƙara jefawa biyu ko uku a minti a sake gwadawa a wuri ɗaya. Idan lokacin bai ragu ba, nisan ne ya zube, sai a koma baya. Kafin a shiga kuma a tambayi masunta inda dorina take kwana, domin tana nan a Binuwai da Lagdo duka.