Abin da ya ci Man United, da hannuna na yi wa ƙungiyar ƙauyenmu

Daren Lahadin da Liverpool ta ɗura wa Manchester United ƙwallo 7 babu ko ɗaya, a watan Maris na 2023, ina tsaye bakin ƙofar gidan kallona ina jiran mutane su gama fita in kashe janareta. Masu murna sun yi gaba da ihunsu, magoya bayan United kuwa kowa ya sunkuyar da kai ya bi lungu. Wani ɗan yayata da bai wuce shekara 15 ba ya tsaya yana taya ni tattara bencina, can sai ya ce, "Kawu, wai da gaske ne ƙungiyar nan ta taɓa zama abin tsoro, ko dai labari kuke ba mu?" Na yi lissafi, ashe yana ɗan shekara biyar rabon United da kofin Firimiya. Ban ba shi amsa a daren ba, don amsar ta fi ƙarfin hirar tsaye, kuma rabinta a kaina take. Abin da ya ci United, na yi irinsa ga ƙungiyar ƙauyenmu da ke nan tsakanin Ringim da Taura. Shi ya sa nake rubuta muku wannan, ku ƙannena masu tasowa, musamman waɗanda wata rana za a damƙa wa wani abu mai rai a hannu, ko ƙungiya ce, ko shago, ko gonar gado.

Da gaske ne ta taɓa zama abin tsoro. Alex Ferguson ya karɓi United a watan Nuwamban 1986, ya riƙe ta har Mayun 2013, ya ɗauki Firimiya sau 13, ya ɗauki kofin Zakarun Turai a 1999 da 2008. Amma akwai abin da yaran yanzu ba sa ji a gidan kallo: sai a 1990 ya ci kofinsa na farko, gasar lig kuwa sai a 1993. Shekara shida da rabi ana haƙuri da shi yana gyara ƙasa kafin a ga tsiro. A tsakanin nan ne ya tsaya kan yaran makarantar ƙungiyar, su Giggs da Scholes da Beckham da Butt da Neville wa da ƙane, waɗanda daga baya suka ɗauki ƙungiyar a kafaɗa shekara da shekaru.

Mu ma muna da namu dattijon. Malamin firamare ne da aka turo mana daga wani gari, kowa Malam yake ce masa. Shi ya kafa ƙungiyarmu da yaran aji huɗu da biyar, ina cikinsu, muna buga ƙwallon roba ba takalmi a bayan makaranta. Kafin ya sa yaro a ƙungiya sai ya je zauren gidansu ya gaishe da mahaifinsa ya nemi izini. Da damina babu atisaye sai an tashi daga gona, kuma ranar Asabar mu duka muke zuwa aikin gayya a gonar uban ɗayanmu, ko mu yi ƙwadagon noma a zuba kuɗin a asusu. Da wannan kuɗin yake shiga Kano, ya je Ƙofar Wambai ya zaɓo mana takalman gwanjo. Yana da wani tsohon littafin rubutu mai baƙin bango da yake ɗaurewa da roba, a ciki akwai sunan kowane yaro, da wurin da ya dace da shi a fili, da abin da ya shiga asusu da abin da ya fita. Muka girma a hannunsa har ta kai duk gasar da aka sa a yankinmu, ta sallah ce ko ta bayan girbi, in an ji muna ciki sai a fara maganar wa zai zo na biyu.

Ranar da Malam ya yi ritaya zai koma garinsu, ni aka ba ragama, don ni ne kyaftin, kuma ni ke da ɗan abin hannu saboda gidan kallo da cajin waya. Na raka shi tasha. Yana zaune a gaban mota ya ce mini, "Ka zo gida wani satin mu zauna, akwai abubuwan da zan nuna maka a littafin nan." Na ce to, Malam. Ban je ba. A raina ina cewa me ke cikin littafi wanda ban sani ba, ni da na yi shekara goma ina ɗaure da ƙyallen kyaftin?

Wannan ne kuskurena na farko, kuma duk sauran a cikinsa suka fito. Ni fili kawai na sani. Ban san cewa rabin aikin Malam a zaurukan mutane yake yin sa ba.

A United ma haka aka yi. Lokacin da Ferguson ya tafi, babban jami'in gudanarwa David Gill shi ma ya sauka, wato mutum biyun da suka san sirrin gidan suka fita ƙofa ɗaya. David Moyes da ya gaje shi ya zo da mutanensa daga Everton, mataimakan Ferguson irin su Mike Phelan da Rene Meulensteen suka kama gabansu. Ƙungiyar da ta ɗauki kofi da ratar maki 11 ta ƙare ta bakwai a kakar da ta biyo baya. An ba Moyes kwantiragin shekara shida, aka sallame shi cikin wata goma. Ni ban ga laifin Moyes shi kaɗai ba. Tawagar da ya gada ta tsufa, Giggs na da shekara 39 a lokacin kofin ƙarshe, Scholes na da 38 kuma ya rataye takalmi. Ƙarfin dattijo ɗaya ne ya rufe tsagar bangon, da ya matsa sai kowa ya gan ta. Ga shi kuma ƙungiyar ba ta da wani tsayayyen daraktan ƙwallo da zai riƙe tsari ko koci ya tafi. Sai a 2021 suka naɗa na farko.

Kuskurena na biyu shi ne 'yan haya. Da muka sha kashi a wasa biyu a jere, maimakon in zauna in duba me ya lalace, sai na shiga Kano na ɗauko samari huɗu masu buga wa ƙananan ƙungiyoyin birni. Kuɗin mota, kuɗin abinci, kuɗin wasa, duk a kaina. Sun iya ƙwallo, wannan ba na musu. Amma kowane ɗaya da ya shiga fili, ɗan gari ɗaya ne ya koma benci, yaron da ya yi gayya da mu, wanda mahaifinsa ya ba Malam amana. Har yau ina ganin fuskar golanmu, wanda muka taso tare tun firamare. Ƙwallo ɗaya ta kuɓuce masa a wasan sallah, washegari na kawo wani daga birni na ba shi rigarsa a gaban jama'a. Bai ce mini uffan ba. Ya cire safar hannunsa ya ninke ta ya ajiye a gindin turken raga, ya ɗauki kekensa ya tafi. Bai sake taka filin ba, kuma ƙannensa biyu da ke ƙungiyar yara suka bi shi.

Duk lokacin da na ga United ta fito kasuwa sai in tuna kaina. Ta sayi Di Maria kan fam miliyan 59.7 a 2014, shekara ɗaya ya yi ya wuce PSG. Pogba, yaron da ya bar ta ya tafi Juventus a 2012, ta sake sayo shi a 2016 kan fam miliyan 89, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da shi ba a lokacin, sannan ya sake tafiya kyauta a 2022. Alexis Sanchez ya zo da albashin da ya girgiza ɗakin 'yan wasa, ya ci ƙwallo 5 a wasa 45. Ga Sancho, ga Antony. Ba wanda za a ce bai iya ƙwallo ba a cikinsu. Matsalar ita ce kowane koci da nasa salon: Van Gaal ya sayi masu riƙe ƙwallo, Mourinho ya zo yana son ƙarfafa masu tsare gida, Solskjaer yana son masu gudu, Ten Hag ya ɗebo waɗanda ya sani a Holan, Amorim ya zo da tsarin 'yan baya uku. Kowa ya tarar da kayan wani ya ce ba su yi masa ba. An ɗan ci kofuna a hanya, FA a 2016 da 2024, Europa a 2017, amma a kakar 2024 zuwa 2025 ƙungiyar ta ƙare ta 15 a teburi. Ni ma cikin shekara uku mutum uku na sa su horar da ƙungiyarmu, duk wanda aka ci shi wasa biyu sai in canza shi, don ina jin kunyar surutun majalisa.

Ku kula da wannan surutun, ƙannena. Mutanen da ke zaune kan benci suna cewa "kawo wane, cire wane", ranar biyan kuɗi ba za ka ga ko ɗaya ba.

Sai maganar bashi, wadda ita ce ta fi yi mini ciwo. A 2005 iyalan Glazer na Amurka suka sayi United kan kusan fam miliyan 790. Mafi yawan kuɗin rance ne, kuma suka ɗora rancen a wuyan ƙungiyar da a da ba a bin ta bashi. Kamar mutum ne ya sayi gonarka da kuɗin aro, ya ce amfanin gonar ne zai biya, alhali ba ya zuba mata taki. Tun daga lokacin, sama da fam biliyan ɗaya ya fita ta hanyar kuɗin ruwa da rabon riba da makamantansu. Su Manchester City da Tottenham suna gina sabbin wurare, rufin Old Trafford, filin wasan United, yana yoyo. Duk wanda ya kalli wasansu da Arsenal a Mayun 2024 ya ga hoton ruwa yana kwarara daga saman rufin kamar indararo. Da Ronaldo ya dawo, shi ma ya koka a 2022 cewa wurin atisayen yana nan yadda ya bar shi.

Nawa bashin ƙarami ne a ido, amma a gidanmu babba ne. Da asusu ya ƙare, don ba wanda ke zuwa gayya kuma, sai na jinginar da wani yanki na gonar da muka gada, ba tare da na shawarci yayyena ba. Na ce in muka ɗauki kofin ciyaman zan fanshe ta. Na ɗinka sabbin riguna masu suna a baya, na ɗauki hayar mota da masu kiɗa. Turakun ragarmu kuwa gara ta cinye gindinsu ban lura ba, sai da iskar farkon damina ta kayar da ɗaya. Ƙungiyar yara ta mutu a hankali, don babu mai zuwa bayan la'asar ya tsaya musu.

Ranar wasan kusa da na ƙarshe, tun hantsi nake kiran 'yan hayar nan. Ɗaya ya ce mota ta lalace, sauran wayoyinsu a kashe. Daga baya na ji wani gari ne ya ƙara musu kuɗi. Na bi gida gida ina roƙon yaran da na ajiye a benci, wasu suka zo don kunyar iyayena, amma rabonsu da atisaye wata biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aka ci mu huɗu, kuma daga wannan shekarar ba mu sake wuce zagayen farko ba. Gonar sai da na yi damina huɗu kafin na fanso ta, zumuncina da babban yayanmu kuwa ya fi haka daɗewa kafin ya gyaru.

Don haka in an ba ka riƙon wani abu da ke tafiya daidai, ka yi shekara guda kana tambaya kafin ka taɓa komai. Ka je wurin wanda ya riƙe shi kafin kai, ka zauna a ƙasa, ka tambaye shi har abin da kake ganin ka sani. Mutanen da ya bari, kada ka kore su don ka nuna kai ne sabon mai gida. Ka rubuta shige da ficen kowace naira, ka karanta wa jama'a a fili. Kada ka ci bashi don sayen suna, balle ka taɓa abin da ba naka kai kaɗai ba. In kuma abu ya fara lalacewa, ka faɗa wa mutane gaskiya cewa gyaran zai ɗauki lokaci, ka jure surutu. Liverpool ɗin da ta ci bakwai ɗin nan sai da ta yi shekara 30, daga 1990 zuwa 2020, ba ta ɗauki lig ba, kuma kocinta Klopp da ya kawo mata shi sai a shekararsa ta biyar ya kawo.

Bayan sallar layyar da ta biyo wancan daren na hau babur na je garin su Malam. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma da na yi sallama ya gane muryata. Na faɗa masa komai, har maganar gona. Bai yi mini faɗa ba. Ya aiki jikarsa ta ɗauko littafin a cikin akwati, robar ta tsinke an ɗaure shi da zare. Ya ce in buɗe shafukan ƙarshe. Sunayen yara 19 ne 'yan aji uku na shekarar da ya tafi, kowanne da sunan mahaifinsa a gefe, da alamar waɗanda ya riga ya je zaurensu da waɗanda suka rage. Yawancinsu yanzu magidanta ne, wasu suna ci-rani a Legas da Abuja.

Da na dawo, gidan golanmu na fara zuwa na nemi gafararsa. Ya yafe, amma ya ce shi da ƙwallo sai dai kallo. Ɗansa na fari yana aji huɗu, shi ne sunan farko da na rubuta a sabon shafi, bayan na tambayi uban a zaure kamar yadda ake yi. Yanzu yara 14 gare mu, ɗan yayata ne ke taya ni tsaya musu bayan la'asar, kuma mun kafa sabbin turaku mun shafe gindinsu da baƙin mai saboda gara. Bana ba mu shiga kowace gasa ba. Asabar mai zuwa muna da gayya a gonar gyaɗar mahaifin ɗaya daga cikinsu.