Da Me Za a Riƙa Buɗe Get Ɗin?

Kafin mu ɗaura injin get, sai mun tambayi maigida: "Ranka ya daɗe, su wa ke shiga gidan nan, kuma idan direba ko maigadi ya bar aiki, ta yaya za a hana shi shiga?" Amsarsa ce ke nuna mana abin da za mu sa.

Ga 'yan gida, rimot ya wadatar. Amma a kula, rimot iri biyu ne. Akwai mai lamba ɗaya da ba ta canjawa, wanda ake iya kwafa da rimot mai arha na kasuwa cikin minti ɗaya. Akwai kuma mai sauya lamba duk lokacin da aka danna, irin rimot ɗin NOVA na injinan kamfanin Centurion. Shi muke sawa. Muna rubuta sunan mai riƙe da kowane rimot, domin idan ɗaya ya ɓata a goge shi kaɗai daga injin.

Gidan da baƙi ke yawan zuwa, na'urar sim, wato wadda ake sa wa layin waya a haɗa ta da injin get, ta fi. Maigida na kasuwa, ya yi wa lambar filashin, get ya buɗe, ba a ci masa ko kobo ba. Cire mutum daga cikin masu izinin buɗewa kuwa saƙon tes ɗaya ne. Matsalarta sabis, da layin da aka manta ba a sa masa kati ba har kamfanin waya ya rufe shi. Kafin mu sayo sim, sai mun gwada wane layi ya fi ƙarfi a bakin get ɗin.

Allon lambar sirri ba mu cika so ba. Lamba yawo take yi, yau yaron gida ya sani, gobe mai kawo ruwa. Idan dole ne, a sayi mai IP65, wato wanda ruwa da ƙura ba sa shiga cikinsa, saboda damina da ƙurar hunturu, kuma sashen da ke ba injin umarni ya zauna cikin gida. In yana waje, ɓarawo ya kwance allon ya haɗa waya biyu, shi ke nan.

Tsarin buɗe get na Wi-Fi kuwa, ana ɗauke wuta ya tsaya, sai in an haɗa shi da batir. Shi ma batirin injin, 12V 7Ah, yakan gaji bayan shekara biyu zuwa uku. Makullin sakin injin da hannu, wanda da shi ake buɗe get idan injin ya tsaya, kada a bar shi cikin mota.