Wasan sanɗa da ƙaramin jari: inda muke zuba kuɗi da inda muke haƙura

Sana'armu haɗa wasannin bidiyo ce, kuma a cikinsu mun zaɓi nau'in da ake cewa sai mai haƙuri: wasan sanɗa, wanda ba faɗa ake so ka yi ba. So ake ka shiga fadar wani sarkin almara ko kurkukun matsafa, ka ɗauko abin da ya kawo ka, ka fice ba wanda ya san ka zo. Kamfaninmu ƙarami ne. Wanda ke zana bango shi ke zana tufafin dogarai, mai rubuta manhaja shi ke gyaran sauti, ni kuma ina tsara fagagen wasa ina kuma riƙe da lissafin albashi. Saboda haka duk abin da zan faɗa kan ƙarfi da raunin irin wannan wasa, ina faɗarsa ne a matsayin wanda kullum sai ya zaɓi abin da za a biya da abin da za a bari.

Ba banza ƙananan kamfanoni ke son wannan nau'i ba. Tun asali ƙarancin hali ne ya raine shi. A 1987, lokacin da Hideo Kojima ke haɗa Metal Gear a kamfanin Konami, kwamfutar MSX2 ba ta iya nuna abokan gaba da harsasai masu yawa a allo lokaci guda, sai ya juya wasan ya zama na kauce wa sojoji maimakon harbe su. Har yau lissafin bai canza sosai ba. Dogarai biyar a farfajiya ɗaya sun isa su riƙe mai wasa tsawon lokaci, domin a tsugune yake tafiya, yana tsayawa yana leƙe, yana jiran mai gadi ya juya baya. Ɗakin da mai bindiga zai ratsa cikin ƙiftawar ido, mai sanɗa sai ya san kowane lungunsa. Duhu kuma yana rufa mana asiri, don bangon da ba mu samu sukunin ƙawatawa ba, inuwa ta rufe shi. Ita ma duniyar almara rangwame ce. Ba wanda zai ce ginin bai yi kama da na wani birni ba, kuma idan muna son jarumin ya ɓace na ɗan lokaci, tsafi ya wadatar a matsayin dalili.

Wasan da nake yawan sa sabon ma'aikaci ya buga kafin ya taɓa aikinmu shi ne Styx: Master of Shadows, wanda kamfanin Cyanide na Faransa ya haɗa, Focus Home Interactive ya fitar a 2014. Ina zaɓarsa ne don alherin ƙaramin jari da sharrinsa duk suna fili a cikinsa. Jarumin wani gajeren dodo ne kore, ɓarawo, mai neman kaiwa ga zuciyar wata katafariyar bishiya da ke cikin hasumiyar Akenash. Gajartarsa ita ce dabara mafi kyau a wasan. Yana shiga ƙarƙashin tebur, yana bi ta ramukan bango, yana ɓuya a cikin tulu, kuma kowane dogari a idonsa ƙato ne. Fagagen a tsaye aka gina su, hawa kan hawa, ta yadda ƙofa ɗaya za ka iya kai mata ta ƙasa, ta kan katakon rufi, ko ta bayan gini kana rataye a kan rami. Yana kashe fitilun bango da hannu ko ya jefe su da dunƙulen yashi daga nesa. Da ƙaron bishiyar nan mai ruwan zinare yake samun ikon ɓacewa, ko ya amayo kwafin kansa ya tura shi ya ja hankalin masu gadi. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar ɗaruruwan ma'aikata. Tunani suke buƙata, da mai tsara fage wanda ya zauna ya bi kowace hanya da kansa.

Amma mafi yawan kuɗinmu da lokacinmu dogari ke cinye su, kuma ban taɓa nadamar hakan ba. Mai wasa yana ganin mutum da mashi yana kai da komo. Mu abin da muke gani shi ne yankin gani mai siffar mazurari da ke fitowa daga idonsa, faɗinsa da nisansa a ƙayyade, da layukan da manhaja ke harbawa zuwa kai da kafaɗa da ƙafar jarumi don ta san ko akwai abin da ya tare. Sannan a auna hasken da ke jikin jarumin. Sannan sauti: taku a kan darduma daban, a kan ƙarfe daban, tulun da ya faɗi ya fashe kuma daban. Duk wannan ke taruwa ya zama zargi a zuciyar dogarin, wanda ke hawa a hankali. Da farko ya tsaya ya ce kamar ya ji motsi. In zargin ya ƙaru ya taho ya duba inda ya ji. In ya tabbatar ya yi kururuwa. In bai ga kowa ba, sai ya koma bakin aikinsa, kuma tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya huce, mu ne za mu yanke shi. In ya yi saurin mantawa ya zama wawa, in ya ƙi mantawa wasan ya zama azaba.

Ranar gwaji ina zama a bayan masu gwaji ne ba na cewa komai, kuma jimla ɗaya nake saurare. Idan aka kama mutum ya dafa kai ya ce "Kai, na yi gaggawa," to aikinmu ya yi, zai sake gwadawa da murmushi. Idan kuwa ya juyo ya ce "Ta ina ya gan ni?" to akwai gyara a gabanmu, ko da manhajar ta yi daidai. Akwai lokacin da mai gwaji ta laɓe a bayan akwati, gefen takobin jarumin ya leƙo kaɗan, dogari ya hango shi daga ƙarshen zaure. A lissafi an gan ta. A idonta kuwa zalunci aka yi mata. Muka cire takobi daga abubuwan da dogari ke iya gani, muka kuma sa idonsa ya yi rauni a gefe-gefe. Dogarin kirki a wannan sana'a sai an ɗan makantar da shi da gangan, amma a makantar da shi iri ɗaya a ko'ina, don mai wasa ya koyi ƙa'idar ya dogara da ita.

Magabata sun riga sun nuna hanya. Thief: The Dark Project, na kamfanin Looking Glass a 1998, ya sa wani ɗan lu'ulu'u a ƙasan allo wanda ke haske ko dushewa gwargwadon yadda kake a bayyane. Mark of the Ninja na 2012 ya zana ƙarar takunka a matsayin da'ira mai faɗaɗa, ka ga iyakar inda za a ji ka. A Styx zanen da ke jikin dodon ne ke haske idan yana cikin inuwa. Wannan bayani da ake ba mai wasa bai da tsada, kuma shi ne rabin adalcin wasan.

Raunin kuma ba ɓoyayye ba ne. Na farko tsalle da kama bakin katanga. A nan ne aka fi kuka da Styx, kuma da gaskiyar masu kukan: ka ɓata lokaci kana lallaɓawa, ka zo gefen gini ka danna maɓalli don ka rataya, sai jarumin ya zarce cikin rami. Wannan ya fi mummunan zane ciwo nesa ba kusa ba, domin mai wasa bai yi laifin komai ba. Gyaransa aiki ne mai cin rai, sai an bi kowane gefen bango ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya fitowa a hoton talla, shi ya sa ake jarabtuwa a ɗage shi. Ni ba na yarda a ɗage.

Faɗa ma rauni ne, amma wannan na yafe wa kowa, har da mu. Faɗan takobi mai daɗi yana buƙatar motsin jiki iri-iri da ƙaramin kamfani ba zai iya biya ba. A Styx idan an rutsa ka, abin da ya rage shi ne ka kare sara a daidai lokacinsa, kuma in sun kai biyu ko uku yawanci ka mutu. Mutane sun soki wannan. Ni ina ganin ɓarawon da bai kai ƙugun dogari ba bai kamata ya iya da su ba. Abin da nake nema kawai shi ne a bar wa wanda aka gani hanyar gudu, rami ko taga ko rufi, don kada kowane kuskure ya zama komawa inda aka adana wasa.

Sai maimaita fage. A rabi na biyu na Styx ana mayar da kai wuraren da ka riga ka wuce, ka bi su ta baya da sababbin masu gadi. Duk mai riƙe da lissafi ya san dalili, gina fage ɗaya na cin watanni. Muna yin hakan mu ma, amma da sharaɗi: in za a koma wuri, sai an canza hasken, an toshe hanyar da mai wasa ya saba, an buɗe wadda ya gani a baya ya kasa kaiwa. Haka muryoyin dogarai. Idan mutum ɗaya ya karanta wa duk rundunar jimloli goma, kafin a yi nisa mai wasa ya haddace su, tsoron ya tafi.

Kasuwa ba ta da sassauci ga wannan nau'i. Steam, babbar kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, na ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na cinikin ƙaramin kamfani, kuma mai saye na iya mayar da wasa ya karɓi kuɗinsa idan bai buga awa 2 ba cikin kwana 14. Wasan sanɗa kuwa a hankali yake kama mutum, don haka dole fagen farko ya nuna hawa da inuwa da dogarin da ake iya karanta halinsa tun kafin haƙuri ya ƙare. Yabo ma ba ya biyan albashi. Looking Glass ya rufe a 2000, Lince Works na Barcelona da ya yi wasan sanɗa na Aragami a 2016 ya rufe a 2023. Cyanide kuwa ya samu ya fitar da Styx: Shards of Darkness a 2017 da manhajar haɗa wasanni ta Unreal 4, da zane mafi kyau da damar mutum biyu su buga tare.

Wasan da ke hannunmu yanzu mun rage masa fagage daga yadda muka tsara da farko, mun fasa ɗaukar fitattun masu murya, kuɗin mun mayar da shi kan ƙarin masu gwaji da mutum ɗaya wanda aikinsa kawai bin gefen bango da idon dogarai har zuwa ranar fitarwa.